Wuyan Hannun Yaya

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da gidan burodin layinmu, katangar kuwa ba wani kauri gare ta ba. Don haka abin da zan ba ku ba a bakin hanya na tsinto shi ba. Wani na gani da idona, wani ya shigo kunnena ta katanga, ragowar kuma mai abin ce ta zauna a tabarmata ta warware mini shi zare-zare.

Matar da zan ba ku labarinta, Yaya muke ce mata duk layin, har mu da muka girme ta. Ƙaninta ne mai gidan burodin, wanda ake kira Manaja, ita kuma tana ce masa Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, a bayanta ya yi wayo. Aikin a rabe yake. Shi yana gaban shago da waya a kunne, ita tana ciki a bakin teburin kwaɓi. Masu shayi da 'yan sari ba sa cewa a ba su burodin Manaja, burodin Yaya suke nema. Da hannu take kwaɓa shi. Ta danna ƙullun da gindin tafinta, ta naɗo shi, ta juya, ta sake dannawa, har sai ya yi sulɓi kamar kumatun jariri. An taɓa kawo injin kwaɓi aka gwada, masu saye suka ce burodin ya koma auduga, Manaja ya mayar da inji inda ya fito. Daga nan ya samu abin faɗa: "Mu injinmu mai rai ne, ba ya shan mai, ba ya jiran a kawo wuta." A yi dariya, ita ma ta yi.

To, mai rai shi ma yana gajiya. Ciwo ya kama ta a wuyan hannun dama. Ta shafa man zafi, ta gasa da ruwan ɗumi, ta ɗaure da tsumma, duk a banza. Ni daga ɗakina nake gane ranar da ya tashi, don ƙarar dukan ƙullu a kan tebur na san ta kamar tarin marigayi mijina. Da can tana tafiya a jere. Yanzu sai ta yi biyu ta tsaya, ta yi ɗaya ta tsaya. Wata safiya ta ɗauko tiren burodi daga bakin tanderu, hannun ya ce bai san zancen ba, burodi ya watse a ƙasa. Ranar ce Manaja ya yarda a je asibiti, don abin ya fara taɓa kaya.

Likitan ƙashin baƙo ne, ba ya jin Hausa. Akwai wata nas da ke yi masa tafinta, amma ranar an kira ta wani ɗaki. Manaja ya ce kada a wahalar da kowa, shi yana jin Turanci, zai zama bakin yayarsa da kunnenta.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya yi dogon bayani. Abin da ya faɗa daga baya muka san shi, amma gara in ba ku tun yanzu. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannunta ya cinye ta gefe ɗaya, ƙashi na gogar ƙashi. Ya ce gaɓar roba da ƙarfe da ake sa wa wasu ba ta dace da ita ba, ƙashinta ya yi laushi, ba zai riƙe ta ba. Sai ya ɗaga yatsu uku. Hanya ta farko, a cire ƙasusuwan da suka lalace, a bar hannun ya zauna a kan wanda ke da sauran santsi. Zai ci gaba da lanƙwasa, ko da ba kamar da ba, amma jinyar ta watanni ce, kuma ita da kwaɓi sun yi sallama. Wannan ya fi so mata, kuma ya ce ba ta jira, in santsin nan ya ƙare ƙofar ta rufe. Hanya ta biyu, a yanke 'yan siraran jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Jinyar ba yawa, zafin zai ragu ƙwarai, amma ba warkewa ba ce, ciwon na nan yana ci a ɓoye, dole ta bar aiki mai nauyi kuma ta riƙa dawowa ana dubawa. Hanya ta uku, a haɗe gaɓar baki ɗaya da ƙarfe. Zafi ya tafi, lanƙwasa ma ta tafi har abada.

Yaya ta dubi ƙaninta. "Auta, me ya ce?"

"Ya ce mu gode wa Allah, abin bai yi nisa ba. Wata 'yar jijiya ce ke damun ki. Za su cire ta, ki huta kwana biyu, shi ke nan."

"Duk wannan wa'azin da ya yi, ɗan wannan ne a ciki? Na ga ya ɗaga yatsu uku."

"Kin san likitoci da son nuna karatu. Sauran biyun ba na irin ciwonki ba ne."

"To tambaye shi, hannun zai ci gaba da lanƙwasa? Ni ita ce damuwata. In iya dafa ƙasa in yi sujada, in dafa in miƙe, in ɗaura ɗankwalina ba sai na kira wani ba."

Manaja ya juya wajen likita ya yi tambaya, amma ba tata ba. Cewa ya yi yayarsa ta zaɓi ta biyu, yaushe za ta iya amfani da hannun? Likita ya amsa, ya ƙara da kaɗa yatsa yana gargaɗi a kan aiki mai nauyi.

"Ya ce zai lanƙwasa kamar na budurwa," in ji Manaja. "Kaɗa yatsan nan kuwa, cewa yake kada ki sa wa ɗinkin ruwa."

Yaya ta yi wa likita godiya da Hausa, ya yi mata murmushi da nasa yaren, kowa ya tafi yana ganin an fahimci juna.

Aka yi aiki. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da aka cire zare har ni na taya ta murna. Ta shigo ɗakina tana juya hannun a gaban fuskata.

"Rediyo, duba ikon Allah." Haka take ce mini, wai ba na kashewa. "Shekara da shekaru ban yi barci a kan wannan gefen ba. Jiya sai da aka tashe ni."

"To yanzu sai hutu."

"Wane hutu? Auta ya ce likita ya ce motsa shi ne maganinsa."

Tabon bai gama bushewa ba ta koma tebur. Ƙarar dukan ƙullu ta dawo a jere, har ta fi ta da, don yanzu ba abin da ke tsayar da ita. Da can ciwon ne ke ce mata ya isa, ta zauna ta sha ruwa. Yanzu an sallami mai gadi, an bar ƙofa a buɗe. Manaja kuwa da ya ga haka sai ya ƙara karɓar aiki. Wata makarantar kwana ta ce a riƙa kai mata burodi, ya amsa. Wani otal ya nema, ya amsa. Buhunan fulawa suka cika zaure har sai mutum ya bi ta gefe. Kwaɓin safe ya haifi na rana, na rana ya haifi na la'asar.

Ranar da aka sa mata ta koma a duba ta, ta yi wanka ta yafa mayafi ta fito.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Asibiti mana. Ba yau ba ne?"

"Yana miki ciwo?"

"A'a."

"To me za ki je ki ce musu? Ki je ki bi layi tun safe har azahar don ki ce lafiyarki ƙalau? Ai sai su yi mana dariya. Ga na makaranta ba a ɗora ba."

Ta koma ta cire mayafin.

Wannan tambaya ita ce ta zama sandarsa. Hannun ya fara kumbura da yamma, ta nuna masa. Yana miki ciwo? A'a. To jini ne ke taruwa, ki ɗaga shi sama. In ta juya shi sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi a ciki, ta sa masa a kunne ya ji. Yana miki ciwo? A'a. To girma ne, Yaya, ni ma gwiwata tana yi. Kofin shayi ya suɓuce mata a gabansa ya fashe. Ya ce kofunan yanzu santsi gare su. Shaida ɗaya gare ta a duniya, zafin nan, shi kuwa ya riga ya sa an rufe masa baki.

Ni dai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na lura hannun ya fara karkata gefe, kamar ƙofar da ƙusarta ta saki. Wata rana na tare matar Manaja tana shanya a tsakar gida.

"'Yar nan, ba kwa ganin hannun baiwar Allah nan?"

"Inna, ita fa ke son aikin. Ki hana ta ki ga fushi. Ranar nan na ce ta kawo in taya ta, cewa ta yi hannuna ba gishiri."

"To a ɗauko mai taya ta mana, ta koya masa."

"An gwada. Masu saye suna ganewa. Mu ma ba a son ranmu ba ne. Ai ko likitan ma cewa ya yi ta dai rage..." Sai ta kama bakinta.

"Ta rage me?"

Ta sunkuya ta ɗauko wani zane ta hau matsa shi, alhali a matse yake. "Ni ban je asibitin ba, Inna. Ki tambayi waɗanda suka je."

Da yamma na kira Yaya na faɗa mata abin da na ji. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya.

"Rediyo, yau kuma tashar tsegumi kika kamo?"

"Ni dai na ce ki nemi wani ya raka ki, ki ji da kunnenki."

Dariyar ta ɗauke. "Auta ne fa. Ni na yaye shi. Da hannun nan na yi masa wanka, da shi na ba shi abinci a baki. In duk duniya za ta yi mini ƙarya a kan hannun nan, ban da shi. Kada ki sake kawo mini wannan maganar, don Allah, kada ki shiga tsakanina da ɗan'uwana."

Na ja bakina na yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Ta yi kwanaki ba ta leƙo ni ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Zafin ya dawo, amma ba irin na da ba, wannan daga can cikin ƙashi yake tasowa ya bi har gwiwar hannu. Yanzu in Manaja ya ce yana miki ciwo, sai ta ce e. Sai maganarsa ta canza. Ki bari mu gama da na makaranta su tafi hutu. Suka tafi hutu. Ki bari a gyara motar. Aka gyara. Ki bari likitan ya dawo, an ce ya yi tafiya. Ya riƙa sayo mata ƙwayoyi a kemis yana ajiye mata kusa da kwanon yis, ta haɗiya da safe ta hau tebur. Ta koma dannawa da dantse, tana jingina ƙirjinta a kan ƙullun. Ta daina ɗaura ɗankwali ta baya, sai dai ta yafa. A sallah na ga tana dunƙule hannun ta kafa shi a ƙasa, don tafin ya ƙi shimfiɗuwa.

Wata hantsi na ji dukan ƙullu ya tsaya cak. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Na zaga na same ta a tsaye, hannun dama a nutse cikin kwaɓi, tana ƙoƙarin ciro shi da na hagu kamar abin wani. Gumi ya jiƙa mata fuska. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Rediyo, ɗauko mayafinki."

Manaja ya kai mu a mota, yana ta waya a hanya yana ba mutanen otal haƙuri. Muka tarar da likitan nan dai, ashe ba inda ya je. Aka sake ɗaukar hoto. Da muka shiga, nas ɗin nan mai tafinta tana tsaye a gefensa, yarinya mai hankali. Manaja ya ce mata ta je ta yi wani aikin, shi zai fassara.

Na ce, "Ɗan nan, bar yarinya ta ci albashinta. Kai ka gaji da tuƙi, zauna ka huta."

Likita ya jera sabon hoto kusa da tsoho, ya daɗe yana kallo. Ya kama hannun Yaya ya juya a hankali, ya ga fulawa a maƙale a gefen farcenta. Ya yi magana, nas ta juyo.

"Mama, yana tambaya, kin ci gaba da kwaɓi ne bayan aikin?"

"Ƙwarai. Ai shi ya ce motsa shi ne maganinsa."

Nas ta mayar masa. Likita ya cire tabarau ya ajiye.

"Mama, ya ce bai faɗi haka ba. Ya ce ya gaya miki aikin jijiyar ba ya warkarwa, zafi kawai yake ragewa, kuma ki bar kwaɓi. Ya ce cikin hanyoyi ukun da ya ba ki, ya so ki ɗauki ta farko, wadda za ta bar miki lanƙwasar hannu, amma kika zaɓi ta biyu."

"Na zaɓa?"

"Haka aka gaya masa."

"'Yata, faɗa mini ukun nan. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya faɗa."

Nas ta faɗa mata su duka. Yaya tana saurare tana gyaɗa kai kamar mai jin labarin wata. Manaja yana kallon takalmansa.

"To a yi mini ta farkon yanzu," in ji Yaya.

Likita ya nuna wani wuri a tsohon hoton, fari sumul, sannan ya nuna wurin a sabon, ya zama kamar bakin tsohuwar wuƙa.

"Ya ce santsin da za a ɗora hannun a kai ya cinye, Mama. Da a wancan lokacin ne, da ya yiwu. Yanzu saura ɗaya, a haɗe gaɓar. Za a sa ƙarfe daga dantse zuwa bayan hannu. Yatsunki za su yi aiki, amma wuyan hannun ba zai ƙara lanƙwasa ba."

Likitan, don ya sanyaya mata rai, ya ƙara da cewa hannun da aka haɗe ba ya ciwo, kuma yana da ƙarfi, har kaya ana ɗauka da shi. Nas tana cikin faɗa mana, sai Manaja ya ɗago kai. Ya yi wa likita wata 'yar tambaya da Turanci, da sauri, ƙasa-ƙasa. Likita ya zuba masa ido.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Nas ta dubi Manaja, ta dubi likita.

"'Yata, ke ce kunnena yau. Me ƙanina ya ce?"

"Mama, tambaya ya yi, ko bayan an haɗe za ki iya komawa kwaɓi."

Na sha ganin mutum an yi masa mutuwa, na sha ganin wanda gobara ta cinye wa ɗaki. Ban taɓa ganin fuska ta mutu a zaune irin ta Yaya a ranar ba. Ta juya wa Manaja baya. Ta ce wa nas a sa mata ranar aiki, kuma duk abin da za a faɗa a faɗa wa ita da maƙwabciyarta.

A mota Manaja ya fara. "Yaya, ki tsaya ki fahimce ni. Da an yi wancan aikin, watanni za ki yi a zaune, kuma an ce ke da tebur har abada. Bakuna nawa ke ci a teburin nan? Yarana 'ya'yanki ne. Cewa na yi bari mu ɗan tsaya da ƙafafunmu, in samu wanda zai karɓe ki, sai in gaya miki. Wallahi ban zaci zai kai haka ba. Kuma ai ke ma kin ji daɗin aikin, kin yi barci, da bakinki kika faɗa."

Tana kallon titi ta taga. Da muka iso layinmu ta ce, "Tsaya a ƙofar Rediyo."

A ɗakina ta yi jinya. Aka yi aikin, aka naɗe hannun da farin ɗaurin nan mai tauri, aka zo aka cire. Zafi ya tafi, gaskiyar likita. Hannun ya fito a miƙe sambal tun daga gwiwa har tushen yatsu, kamar an ɗaura mata muciya. Ta koyi cin abinci tana ɗaga gwiwar hannu sama. Ta koyi wanke fuska da hagu. Ni nake ɗaura mata ɗankwali, tana yi mini tsiya wai ɗaurina na 'yan ƙauye ne. Abin da ya fi ci mata rai tashi daga ƙasa. Mace ce da ta saba ta dafa ta miƙe kamar yarinya, yanzu sai ta yi dabara, ta juya, ta nemi bango.

Matar Manaja tana aiko da abinci, Yaya tana ci, ta ce abinci bai yi mata laifi ba. Shi kuwa bai iya haɗa ido da ita ba sai da masu shayi suka fara ƙorafi. Ya ɗauko wani ƙato yana kwaɓi, burodin yana fitowa kamar bulo. Ran nan da la'asar Manaja ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa a bakin tabarma, ya gaishe ni, ya gaishe ta.

"Yaya, na zo ki yafe mini."

"Ina jin ka."

"Kuma ki dawo gida. Mutane suna magana, wai yayata tana kwana a maƙwabta. Ba na ce ki yi kwaɓi ba, wallahi ko cokali ba za ki ɗaga ba. Ki dai zauna a kujera kusa da tebur, inda masu saye za su hango ki. In sun gan ki hankalinsu zai kwanta."

"Su ɗauka ni na kwaɓa."

"Ba sai an ce musu komai ba."

"Ai na sani. Ka iya wannan." Ta ɗora miƙaƙƙen hannun a kan cinyarta tana kallonsa. "Auta, bari in gaya maka abin da ke hana ni barci, don ba hannun ba ne. Da ranar nan ka juyo ka ce, Yaya, ga abin da likita ya ce, ga kuma halin da gida ke ciki, me kike gani? Ka san ni. Wataƙila da na ce a yi ƙaramin, in lallaɓa in koya wa wani, in ya so daga baya a yi babban. Wataƙila ma da na yi ta kwaɓin har ya lalace kamar yadda ya lalace yanzu. Da na ba ka hannun nan da kaina, ina dariya. Me na taɓa hana ka? Amma ba ka roƙa ba. Ka zauna kusa da ni, ina kallon bakinka, ka ari bakina ka amsa da shi. Abin da za a ba ka kyauta ka sa hannu ka sata."

"Yaya, sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan ba ya jin Turanci a ɗakin likitan nan, kai ke ji."

Ya sunkuyar da kai. Aka kira sallah a masallacin layi. Yaya ta fara haramar tashi, ta juya gefe, ta kai hannun ƙasa bisa sabo, ya ƙi dafuwa. Manaja ya yi wuf ya miƙa mata nasa.

Ta dubi hannun nasa, lafiyayye, mai agogo. Ta kafa gwiwar hannunta a bango, ta ja jiki, ta zame, ta sake kafawa. Ni ma ban taɓa ta ba, don na san ba ta so. Sai da ta miƙe tsaye ta gama haki, sannan ta ce, "Yafiya kuwa zan yi ta roƙon Allah ya ba ni ikon yi, don ba na son in tashi da kai a gabansa. Amma ka tafi ka gaya wa masu shayi gaskiya. Ka fara da su, sun fi ni sauƙi."

Ta ɗauki buta da hagu ta fita. Ya daɗe a durƙushe da hannu a miƙe kafin ya tuna ya mayar da shi aljihu.

To, 'ya'yana, ni ba malama ba ce, amma na ga abin da na gani. Mutumin nan bai taɓa zagin yayarsa ba, bai taɓa hana ta ci ko sutura ba, in kun gan shi a layi za ku ce ɗan albarka. Irin wannan cutar ba ta da ƙara, shi ya sa take daɗewa a gidaje. Tsoho ko mara lafiya ya ɗauke ka ka raka shi gaban likita, ya ba ka kunnensa da bakinsa, ba abin da ya rage masa. Kai kuma ka tsaya kana tace magana, wannan zai ji, wannan ba zai ji ba, kana ce wa kanka don zaman lafiyar gida ne. Ka duba da kyau, sau da yawa gidan nan da kake faɗa kai ne. Jikin nasa ne. In hanya uku aka ba shi, ka kai masa ukun, ko da wadda zai ɗauka za ta rufe maka shago.

Yaya tana nan a ɗakina, mun raba shi da labule. Da safe mukan ji dukan ƙullu ta katanga, na ƙaton nan, ba kai ba gindi. Wani lokaci sai in ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta, suna naɗowa, suna juyawa, suna jiran wuyan hannun ya danna. Shi kuwa yana nan a miƙe.